Ƙera mutum a kwamfuta: abin da ya sa fuskar ɗan Gamu ke ba na'ura wuya

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar wasan ƙwallo na PlayStation a Damagaram ko a Gure ya riga ya ga irin wannan aiki, ko da bai san sunansa ba. Ƴan wasan da ke gudu a allon ba hoton bidiyo ba ne, kuma ba zanen alƙalami ba ne. Siffofi ne da aka ƙera a cikin kwamfuta, masu tsawo da faɗi da kauri, waɗanda ake iya juyawa a dube su ta gaba, ta baya ko ta sama, kamar yadda maginiya ke juya tulu a hannunta. Shi ake kira 3D. Da shi ake yin finafinan zane mai motsi na zamani, da wasannin bidiyo, da tallace-tallace, da hotunan koyar da aikin likita.

A cikin wannan sana'a akwai masu ƙera gidaje, akwai masu ƙera motoci da itatuwa. Reshen da ya fi wuya shi ne ƙera ɗan Adam, kuma wuyar tana ƙaruwa idan mutumin da ake son ƙerawa ɗan Sahel ne. A ɗauki misalin Gamu, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Gure, jahar Damagaram. A yankin Gure Hausawa da Barebari da Fulani da Buzaye da Tubawa suna cin kasuwa ɗaya. A ce ana son gajeren fim na faɗakarwa kan rigakafi ko karatun ƴaƴa mata, kuma uban gidan da ke cikin labarin mutumin Gamu ne. Idan mai aikin ya buɗe manhaja, ya ɗauki mutumin da aka riga aka tanada a ciki, ya duhunta masa fata kawai, abin da zai fito Bature ne da aka shafa wa baƙin tukunya. Ƴan kallo za su yi dariya, ko su kau da kai, saƙon kuma ya tafi a banza.

Yadda ake gina jikin

A shekarar 1972 ɗalibai biyu a Jami'ar Utah ta Amurka, Edwin Catmull da Fred Parke, suka fitar da ɗan gajeren fim na hannu da fuska masu motsi. Catmull ya yi zubin hannunsa na hagu da filasta, ya zana ƙananan gidaje kusan 350 masu kusurwa a jikin zubin, ya auna mazaunin kowane ɗigo, ya shigar da lambobin cikin kwamfuta. Daga baya yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar. Har yau ka'idar ba ta sake ba: kowane mutum na 3D raga ce ta ɗigogi da layuka, kamar ragar masunta da aka lulluɓa wa jiki, cikinta kuma fanko ne.

Yawanci ana farawa da sassaƙa. A manhajoji irin su ZBrush da Blender akwai dunƙulen da ke aiki kamar yumɓu, ana ja, ana dannawa, ana karcewa, har siffa ta fito. A wannan mataki gidajen ragar kan kai miliyoyi, nauyin da ba ya motsuwa. Don haka sai a sake saƙa wata raga mai sauƙi a bisa ta farko. A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Dole layukan su zagaye ido da baki kamar zobba, suna bin yadda tsokar fuska take kwance, kuma a gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa a ƙara layuka domin wurin ya lanƙwashe ba tare da ya murƙushe ba. An fi son gidaje masu kusurwa huɗu, saboda dabarar sulɓanta raga da Catmull da Jim Clark suka wallafa a 1978 ta fi tafiya daidai a kansu. Da ita Pixar ya ƙera tsohon da ke cikin gajeren fim ɗin Geri's Game na 1997, wanda ya ci kyautar Oscar.

Bayan haka sai a feɗe ragar a shimfiɗa ta, kamar yadda mahauci ke feɗe rago ya shanya fata, domin a zana launi a kai. Sai a dasa ƙasusuwa a ciki, a faɗa wa kowane ɗigo ƙashin da zai bi da irin ƙarfin da zai bi shi. A ƙarshe a kunna fitilu na cikin kwamfuta, na'ura ta lissafa hoton. Fim ɗin sinima na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa.

Kwarin Mori da kwaɗin Alassane

Me ya sa mutum ya fi doki ko mota wuya? Domin tun daga goyo idon ɗan Adam fuska yake karantawa. A 1970 wani masanin mutum-mutumin inji ɗan Japan, Masahiro Mori, ya lura cewa mutane na ƙara son abin da aka ƙera gwargwadon yadda yake kama da mutum, har zuwa wani matsayi. Da ya kusa zama mutum sak amma bai kai ba, sai son ya rikiɗe ya koma ƙyama, kamar mai kallon gawa tana motsi. Ya kira wannan faɗuwa kwari mai ban tsoro. Finafinai masu tsada sun faɗa ciki: Final Fantasy na 2001 da The Polar Express na 2004 sun sha suka kan idanu marasa rai.

Nijar tana da nata darasi a nan, tun kafin kwamfuta. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a N'Dounga a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, yana cikin na farko da suka yi zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Makanike ne kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga baya ya je Kanada wajen Norman McLaren. A Bon voyage Sim na 1966, shugaban ƙasar da yake yi wa shaguɓe kwaɗo ne. A Kokoa, ƴan kokowar kwaɗi ne da wasu dabbobi. Ya yi aiki da ƴan tsana masu siffar mutane a Samba le grand na 1977, amma bai nemi su zama mutane sak ba. Ɗan kallo na yafe wa kwaɗo kuskuren ƙira, ba ya yafe wa fuskar da ta yi kama da ta maƙwabcinsa. Shi ya sa shawarar farko ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce ya zaɓi salo da gangan: babban kai, manyan idanu, siffa mai sauƙi da aka yi da kyau ta fi hoton gaskiya da aka yi rabi da rabi.

Awo da tsoka

Masu zane suna auna jiki da kai. Baligi na yau da kullum tsawonsa kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, jarumin fim a ba shi takwas, yaro mai tatata kuwa wajen huɗu. Idanu suna tsakiyar kai, ba can sama ba inda ɗan koyo ke yawan kai su. Waɗannan awo ne na farawa, ba doka ba. Maginan Bura, a jahar Tilaberi, inda Boubé Gado ya yi tono a 1983, sun bar kawuna da mahaya doki na yumɓu da aka ƙiyasta shekarunsu tsakanin ƙarni na 3 da na 13. Ba su bi awon Turawa ba, amma sun kula da kitso da tsagar fuska da kayan ado, wato abubuwan da ke faɗa wa mai kallo ko wane ne wannan.

A makarantun zane na Turai ana koyon tsoka ta hanyar zana mutum tsirara. A ƙasar Hausa ba a yin haka, kuma ba a buƙata, domin akwai filin kokowa. Gasar takobin ƙasa, da ake yi tun 1975, makarantar sanin jiki ce a buɗe: ƙirji da baya da cinya suna aiki a fili, ga walki, ga layu suna lilo, ga yashi na manne wa zufa. Wanda ya tsayar da bidiyon karo ɗaya ya zana shi hoto bayan hoto zai ga yadda allon kafaɗa ke zamewa idan an ɗaga hannu, da yadda nauyi ke komawa ƙafa ɗaya kafin kaye. Zai kuma ga cewa jikin manomi ko makiyayi ba irin na mai ɗaga ƙarfe a gidan motsa jiki ba ne, wanda shi ne ya cika manhajoji.

Fata

Nan ne matsalar ta fi zurfi, domin tana cikin lissafin kansa. Fata ba bango ba ce. Wani hasken yana dawowa daga samanta, wani kuma yana shiga ciki, ya yi yawo, ya fito da ja-ja. Duk wanda ya ɗora yatsa a kan tocila da dare ya ga haka. A 2001 Henrik Wann Jensen da Stephen Marschner da Marc Levoy da Pat Hanrahan suka wallafa hanyar lissafa wannan shigar haske, kuma ita ce ta raba fuskar kwamfuta da kamannin roba. Da irin wannan dabara aka yi fatar Gollum a fim ɗin The Two Towers na 2002.

Sai dai wannan haske mai ratsawa ya fi bayyana a farar fata. A baƙar fata sinadarin melanin da ke saman fata yana shanye mafi yawan hasken da ya shiga, don haka abin da ke fitar da siffar fuska shi ne ƙyallin da ke dawowa daga sama: a goshi, a karan hanci, a ƙashin kumatu. Theodore Kim, farfesa a Jami'ar Yale wanda ya yi aiki a Pixar, ya yi rubutu a mujallar Scientific American a 2020 yana cewa binciken wannan fanni ya daɗe yana ɗaukar farar fata a matsayin fata kawai, da miƙaƙƙen gashi a matsayin gashi kawai. Lokacin da Pixar ke yin Soul, wanda ya fito a 2020 da jarumi baƙar fata na farko a finafinan kamfanin, sai da suka nemi shawarar mai ɗaukar hoto Bradford Young kan haskawa.

A aikace, gyaran yana da sassa da yawa. A rage ƙarfin haske mai ratsawa, in ba haka ba fuskar za ta yi kamar kakin zuma. A ba ƙyalli muhimmanci, a bambanta shi daga wuri zuwa wuri, domin goshi ya fi kumatu maiƙo. A yi amfani da manyan fitilu masu laushi da fata za ta ɗauki inuwarsu, maimakon ƙara wuta kai tsaye, wadda ke mayar da baƙi toka-toka. Kuma a tuna launi ba ɗaya ba ne a jiki ɗaya. Tafin hannu da tafin ƙafa sun fi haske, gwiwa da gaɓoɓin yatsu sun fi duhu, leɓe na da nasa launi. Mai duhunta fatar da aka tanada da dannawa ɗaya yakan fitar da mutum mai baƙin tafin hannu, kuma ko yaro a Gamu zai ce wannan ba daidai ba ne. Hausa kanta ta riga ta rarrabe: akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai ja, akwai fari. Yanayi ma na shiga ciki. Fatar da ta yi furu-furu da hunturu daban take da wadda aka shafa wa mai ranar salla.

Gashi da kitso

Kan mutum na ɗauke da gashi wajen 100,000. Lissafin hasken gashi da ya yaɗu a masana'antar, na Marschner da abokan aikinsa na 2003, da dabarun motsa shi, an gina su ne bisa zare miƙaƙƙe ko mai ɗan lanƙwasa. Gashi mai murɗewa sosai yana da wata ɗabi'a. Sai a Disamban 2024, a taron SIGGRAPH Asia na Tokyo, aka gabatar da binciken da aka sa wa suna Curly-Cue, na Kim da ɗalibansa tare da A.M. Darke ta Jami'ar Kaliforniya a Santa Cruz. Sun bayyana abubuwa uku da kowace makitsiya ta sani da hannunta: kusa da fatar kai gashin a cakuɗe yake kamar soso, sai ya yi nisa yake haɗuwa ya zama murɗi ɗaya, murɗin yakan sake alkibla a tsakiya kamar igiyar tsohuwar tarho, wasu zaruruwa kuma kan fice daga murɗin su dawo, su ne ke ba gashi kumburinsa.

Darke ce ta kafa Open Source Afro Hair Library, taskar gashin baƙar fata na 3D da ake ɗauka kyauta, kuma a 2023 taskar ta fitar da littafin jagora mai suna Code My Crown tare da kamfanin Dove. Taimako ne babba, amma ya fi karkata ga salon baƙaƙen Amurka. Shuku da kalaba da doka da kitson Fulani mai azurfa da murjani, waɗannan sai mai ƙira ya zauna kusa da makitsiya ya ga inda tsaga ke farawa, da yadda kitso ke siriri a goshi ya yi kauri a ƙeya, da yadda fatar kai ke bayyana a tsakani. Abin farin ciki shi ne kitso ya fi sakakken gashi sauƙi ga kwamfuta mai rauni, domin ana iya ƙera shi a matsayin raga maimakon zare ɗai-ɗai. Hula da kallabi da rawani ma suna rage aiki.

Tufafi, tsaga, zama da magana

Babbar riga jarrabawa ce ga kowace manhaja. Yadi ne mai yawa da ba ya bin jiki, ana naɗe shi a kafaɗa, yana zamewa, ana sake naɗewa. Manhajojin ɗinki irin su Marvelous Designer suna aiki da yankan tela na gaske: a shimfiɗa ƙyalle, a yanka, a haɗa, a sa wa jiki. Saboda haka awa ɗaya a shagon tela ta fi kwana uku ana lalube. Sai a gyara taurin yadin, domin shadda mai sitaci da ta sha bugu tana karyewa ne, ba ta zuba kamar atamfar da ta sha wanki. Rawanin shuni na Buzaye, wanda aka san garin Kura kusa da Kano da yin sa, yana da ƙyalli kamar ƙarfe, kuma yana barin shuni a fata.

Tsagar fuska ba ado ba ce da za a yaɓa yadda aka ga dama. Dogayen layukan Barebari daban, na Gobirawa daban, bille daban. Wanda ya sa wa mutum tsagar da ba tasa ba ya sake masa asali. Al'adar kuma tana ja da baya, don haka ta fi dacewa da dattijo fiye da ɗan makaranta. A wajen ƙira, tabo ne da ya warke: ɗan zurfi ko ɗan tudu, da ƙyalli daban da na sauran fata, ba baƙin layi da aka ja ba.

Taskokin motsi na kyauta, irin su Mixamo na kamfanin Adobe, cike suke da tafiya da gudu da faɗa da rawa. Rayuwar Gamu kuwa tana da tsugunno, da zama a tabarma an harɗe, da durƙuso don gaisuwa, da daka, da goyo, da tafiya da tulu a kan gammo, inda wuya ke tsaye ƙugu ke ɗaukar lilo. Tsugunno shi ne gwajin da ya fi tona asirin raga: cinya na shigewa cikin ƙwauri, ƙugu na murƙushewa. Gara a gwada shi tun da wuri, kafin a zana fata.

Baki ma haka. Manhajojin da ke daidaita leɓe da murya an horar da yawancinsu da harsunan Turai, inda ake furta "f" da haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta ta, a wasu yankunan Nijar ma "h" ake ji. Idan siffa ta ciji leɓe tana cewa "fura", ɗan kallo zai ji wani abu ya kauce ko da bai iya faɗin mene ne ba. Gyaran da hannu ake yi.

Kayan aiki

Kuɗin manhaja ya daina zama shinge. Blender kyauta ce tun 2002, lokacin da wanda ya ƙirƙire ta, Ton Roosendaal ɗan Holan, ya tara euro 100,000 daga masu amfani da ita, wato kimanin miliyan 65 na CFA, aka fanshe ta aka sake wa kowa. Da ita aka yi Flow, fim ɗin Gints Zilbalodis ɗan Latbiya da ya ci Oscar a 2025, wanda, kamar na Alassane, dabbobi ne jarumansa. MakeHuman ma kyauta ce, tana ba da jikin farawa ba tare da intanet ba. MetaHuman na Epic Games, da ya fito a 2021, yana fitar da fuskoki masu kama da gaske, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai kyau. Abin da ya rage wa matashi a Gure ko Damagaram shi ne na'ura mai katin hoto, da wuta tsayayya, da kare ta daga zafi da ƙura.

A maƙwabciya Najeriya an riga an taka mataki. Lady Buckit and the Motley Mopsters ya shiga sinima a Disamban 2020, Iwájú kuma, wanda kamfanin Kugali ya yi tare da Disney kan birnin Legas na gaba, ya fito a Fabrairun 2024 cikin kashi shida.

Izini da hukunci

Hanya mafi sauri ta samun fuskar gaske ita ce a zagaye mutum da kyamarar salula a ɗauki hotuna da yawa a inuwa, manhaja ta haɗa su ta fitar da raga. Amma fuskar da aka ɗauka haka ana iya sa ta faɗin abin da mai ita bai taɓa faɗa ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Neman izini a rubuce, da bayyana inda za a yi amfani da siffar, wajibi ne, musamman ga mata da yara. Masu ƙira da yawa sun fi son haɗa siffa daga fuskoki dabam-dabam domin kada ta zama ta wani takamaimai.

Akwai kuma tambayar da iyaye kan yi wa ɗan da ya shiga wannan sana'a, ta hukuncin sura. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Nijar, malamai sun bambanta surar mai rai cikakkiya mai jiki da inuwa, wadda suka hana, da surar da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, wadda hukuncinta ya fi sauƙi, kuma sun keɓe ƴan tsanan wasan yara mata. Malaman zamani sun saɓa kan inda hoton allo ya faɗa. Siffar 3D, duk da sunanta, lambobi ce da ake nunawa a shimfiɗaɗɗen allo. Tana samun jiki da inuwa ne ranar da aka tura ta injin bugawa na 3D, ta fito da roba ana riƙe ta a hannu.